Idan kumatu sun fara faɗawa: yadda ake cike fuska ba tare da tiyata ba

Yawancin mata idan sun ce fuskarsu ta tsufa, tamoji suke nufi, wato layukan nan da ke fitowa a goshi da gefen ido. Amma in kika duba da kyau abin da ke sa a ga mutum ya manyanta ba layukan bane, faɗawar fuskar ce. Kumatu su zube, ƙarƙashin ido yayi kwarmi, wajen nan tsakanin ido da kunne ya lotsa, leɓɓa su sirance, sai kiji ana ta tambayarki ko baki da lafiya ne ko baki samu barci ba alhali ke lafiyarki ƙalau. Toh wannan ɗin zan yi bayani a kai, me ke kawo shi, me ake iya yi ba tare da an shiga ɗakin tiyata ba, da kuma yadda zaki bi kar garin neman gira a rasa ido. Maza ma duk ya shafe ku, don fuskar namiji ma faɗawa take.

Ki fara sanin me ya ragu

Fuska hawa hawa ce. Akwai ƙashi a can ƙasa, sai kitse, sai tsoka, sai wani kitsen kuma, sannan fata. A 2007 wasu likitoci biyu a Amurka, Rohrich da Pessa, suka nuna cewa kitsen fuska ba shimfiɗa ɗaya bane, kashi kashi ne kowanne a ɗan ɗakinsa, kuma ba tare suke tsufa ba. Na can ciki shi ke motsewa, na sama kuma da ya rasa abin da zai jingina sai ya gangaro ƙasa, shi yasa zaki ga saman kunci ya zama fayau amma gefen baki da muƙamuƙi sun yi nauyi a fuska ɗaya. Kamar matashin kai ne da audugar cikinsa ta ragu, rigar tana nan yadda take, sai dai ta saki.

Ƙashin ma baya tsayawa. Ramin ido na ƙara faɗi da shekaru, ƙashin da ke gefen hanci na ja baya, muƙamuƙi na raguwa, in kuma haƙora sun zube ba a maye gurbinsu ba toh abin yafi sauri, don ƙashin da ke riƙe haƙori in ya rasa aikin yi zaizayewa yake. Sai fata, kolajin ɗin da ke ba ta kauri yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara tun mutum na shekaru ashirin da wani abu, mata kuma in al'ada ta ɗauke ana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko. Wannan ne yasa wata zata ce miki cikin shekara biyu kacal fuskarta ta sauya, kuma ba ƙarya take ba.

Ga abin da zaki yi a gida. Ki nemo hotonki na shekara goma ko sha biyar baya, ki tsaya gaban madubi da hasken taga yana zuwa ta gabanki, ba fitilar sama ba don ita tana ƙara zurfin kowane kwarmi. Ki duba wurare biyar: gefen goshi, ƙarƙashin ido, saman kunci, gefen hanci zuwa baki, da haɓa. Sannan ki kwanta rigingine ki ɗaga madubin sama. In kinga fuskar ta dawo kusan yadda take da, toh mafi yawan matsalar saki ne da gangarowa. In kuma kwarmin na nan ko a kwance, toh abu ne ya ragu a ciki. Banbancin na da amfani sosai saboda allurar cikewa tana maganin na biyun ne, na farkon kaɗan take taɓawa.

Amma fa kafin komai, in fuskar ta faɗa ne farat ɗaya cikin watanni kuma kina ramewa ba tare da kin nemi ramar ba, ba wurin kwalliya zaki nufa ba, asibiti ne. Ciwon suga, tarin fuka, matsalar maƙoƙo, ciwon daji, ƙanjamau, damuwa mai tsanani, duk suna iya fara nunawa a kumatu. A cike fuskar a bar ciwon na cin jiki ai ba dabara bace. Haka wanda ke rage ƙiba da sauri, musamman masu allurai irin su Ozempic, kitsen fuska na tafiya tare da na ciki, gara a bari nauyin ya tsaya wuri ɗaya na wasu watanni tukunna, in ba haka ba yau a cika gobe ya sake faɗawa.

Abin da mai da na'ura ke iya yi

Gaskiya babu man shafawar da zai dawo da kitse ko ƙashi, ko nawa aka sayar miki da shi. Man da aka rubuta hayaluronik asid a jikinsa yana jiƙa saman fata ne tayi laushi, shikenan. Wanda ke da hujja mai ƙarfi su ne dangin retinol da tiretinoyin, suna ɗan ƙara kolajin in an jure watanni ana shafawa da dare, kaɗan kaɗan don suna sa saɓa da zafi da farko, kuma mai ciki bata amfani da su. Sai man kariya daga rana mai lamba 30 zuwa sama kullum, eh har da masu baƙar fata. A bar sigari. A kuma nisanci mayukan da ke da sitiroyid a ciki in ba likita ya rubuta ba, sirantar da fata suke har jijiyoyi su fito, duk abin da aka zuba a ƙarƙashin irin wannan fatar sai ya nuna.

Na'urori irin su Ultherapy da Thermage zafi suke kaiwa can cikin fata don ta ɗan ɗaure. Suna taimakawa mai saki kaɗan, amma basa ƙara komai a kunci, wadda fuskarta dama siririya ce ma tayi hattara don in an matsa zafin ana iya rasa ɗan kitsen da ya rage. Botox kuma mutane na yawan haɗa shi da fila, wato allurar cikewa, alhali aikinsu daban, shi yana kwantar da tsoka ne na wata 3 zuwa 4 don layin goshi ya lafa, baya cike ko ina.

Allurar cikewa, ita ce ainihin maganar

Ita ake kira fila, kuma iri iri ce. Wadda aka fi yi a duniya ita ce ta hayaluronik asid, wani abu ne mai kamar jel da dama akwai irinsa a fatar mutum da gaɓoɓinsa, yana riƙe ruwa, na cikin sirinji kuma a ɗakin gwaji ake samar da shi daga ƙwayoyin bakteriya. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da Restylane a 2003, Juvéderm a 2006, sai Juvéderm Voluma a 2013 musamman don kumatu. Akwai mai kauri da ake kaiwa kan ƙashi don ya tallafi kunci ko haɓa, akwai mai laushi na leɓe da ƙarƙashin ido. Kamfanonin na cewa daga wata 6 zuwa shekara 2 ya danganta da irinsa da wurin da aka sa, amma hotunan MRI sun nuna sau tari yana daɗewa fiye da haka, musamman a ƙarƙashin ido inda wani sai ya shekara da shekaru yana nan. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Babban abin da yasa nake cewa duk mai farawa ta fara da wannan shi ne ana iya narkar da shi. Akwai wata allura, hayaluronides, da ke narkar da shi cikin awoyi zuwa kwana ɗaya ko biyu. In bai yi miki ba a cire, in ya toshe jijiya a narkar da gaggawa. Sauran basu da wannan.

Akwai Radiesse, ƙananan ƙwayoyi ne na wani sinadarin kalsiyam irin na ƙashi a cikin jel, an amince da shi a 2006, yana cikewa nan take kuma ya sa jiki yin kolajin, yakan kai shekara ɗaya ko fiye, amma ba a sa shi a leɓe ko dab da ido. Akwai Sculptra, wanda aka fara amincewa da shi a 2004 don masu ƙanjamau da magunguna suka cinye musu kitsen fuska, sai a 2009 aka buɗe shi ga kowa. Shi wannan haƙuri yake so, ranar da aka yi zaki ga fuska ta cika amma ruwa ne, kwana biyu uku ya sace ki koma yadda kike, sai a hankali cikin watanni jiki ya gina nasa kolajin ɗin. Yawanci zama biyu zuwa uku ake yi da tazarar sati 4 zuwa 6, sakamakon kan kai wajen shekara 2, kuma ana cewa a riƙa murza wurin minti 5, sau 5 a rana, na kwana 5 don kar yayi gudaji. Ya dace da wadda fuskarta ta faɗa gaba ɗaya ba wuri guda ba. Sai Bellafill, ƙwayoyin wani irin roba ne da jiki baya narkarwa a cikin kolajin na shanu, sai an yi gwajin fata kafin a yi. A ganina duk abin da aka ce na dindindin ne a fuska a yi nesa da shi, saboda fuskar zata ci gaba da canzawa shi kuma yana nan inda aka ajiye shi. Ruwan silikon da wasu ke ɗurawa a ɓoye kam kar ma a fara, FDA bata amince da shi don cike fuska ba, yana yawo a cikin nama ya kawo kumburin da sai an yanka, wani lokacin ko an yanka baya fita duka.

Zaki kuma ji ana tallan zare da ake sokawa a ja fata sama, da allurar jinin mutum da aka tace wato PRP. Zaren ɗagawa yake na ɗan lokaci, PRP kuma bai cika ba da cikar da ido zai gani ba. Ɗaukar kitsen ciki ko cinya a zuba a fuska yana aiki amma wannan ya shiga layin tiyata.

Zaɓen hannun da zai yi

Nan ne nafi so ki tsaya, wallahi yafi sunan maganin muhimmanci. Fuska cike take da jijiyoyin jini, wasunsu kuma suna haɗe da jijiyar da ke ciyar da ido. In allura ta shiga cikin jijiya aka tura jel, jini ya daina zuwa wurin, fata na iya mutuwa ta ruɓe, in kuma ya bi ta baya ya kai ido mutum na iya makancewa nan take kuma yawanci ganin baya dawowa. Ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, wuraren da suka fi haɗari su ne tsakanin gira, hanci, goshi da gefen hanci. Wanda ya san taswirar jijiyoyin nan ya san zurfin da zai shiga, ya san ya tura a hankali, ya san inda zai ajiye allura mai tsini ya ɗauki kanula mai dakusasshen baki, kuma in abu ya ɓaci ya gane cikin minti ɗaya. Wanda yayi kwas na kwana biyu bai san wannan ba.

Don haka ki nemi likitan fata ko likitan tiyatar gyaran jiki, ko ma'aikacin lafiya mai lasisi da aka horar da shi kan wannan aikin yake kuma yi ƙarƙashin likita. Ki duba rajistarsa a hukumar da ke ba likitoci lasisi a ƙasar da kike. Ki je zama na farko don magana kawai, ba dole a yi ranar ba, ki tambaye shi kai tsaye: likita wane iri zaka sa min, mil (wato mililita) nawa, a ina da ina, kana da hayaluronides a nan ɗakin yanzu, in jijiya ta toshe me zaka yi, in na ga wani abu da tsakar dare wa zan kira? In ya ɓata rai don kin tambaya ki ɗauki jakarki. In yace shi bai taɓa samun matsala ba saboda haka baya ajiye maganin narkarwa, nan ma ki tashi. Likitan kirki zai sa ki murmushi, ki ɗaure fuska, ya taɓa ƙashin kuncinki, ya ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, wani lokacin ma yace miki layin gefen hancin da kika zo dominsa ba nan za a cika ba, saman kunci ne ya faɗa. Wani kuma zai faɗa miki gaskiya cewa sakin yayi yawa fila ba zata iya ba sai tiyata, irin wannan ki riƙe shi.

A buɗe kwalin a gabanki, ki ga sunan, ki ga ranar lalacewa, ki ɗauki hoton lambar kwalin ki ajiye a waya don ko shekara nawa aka yi wani likitan zai so sanin me ke cikin fuskarki. Araha bata ado, jabun fila sun cika intanet. Kar ki saya ki yiwa kanki, kar ki yarda a yi miki a shagon gyaran gashi ko ɗakin otal ko falon wata, haka alƙalamin nan da ake tallatawa wai yana harba jel ba tare da allura ba, FDA ta gargaɗi mutane a kansa a 2021. Tsabta ma ba wasa bace, a jihar New Mexico ta Amurka an rufe wani wurin kwalliya marar lasisi a 2018, daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoto a 2024 cewa mata sun kamu da ƙanjamau ta hanyar allurar PRP da aka yi musu a wurin.

Kafin ranar da bayanta

Ki faɗa wa likitan komai. Ciki ko shayarwa a ɗaga sai gaba. In kina da ƙuraje masu ruwa ko wani ciwo a fuska a bari ya warke. In kina yawan samun ƙurajen zazzaɓi a leɓe ki faɗa, ana ba da magani kafin a taɓa bakin. In jikinki na yin tabo mai tudu, ko kina da ciwon da garkuwar jiki ke faɗa da jiki, ko kin taɓa yin wata allurar a fuska ko da shekara goma ne, duk ki faɗa. Aspirin da ibuprofen na ƙara kwanciyar jini, amma in likita ne ya ɗora ki kan maganin tsinka jini kar ki daina da kanki saboda kwalliya. Aikin haƙori a raba shi da allurar da kamar sati biyu. In kuma akwai taron da kike son fita da fuskar, ki ba da aƙalla sati biyu, wata ɗaya yafi.

Aikin kansa baya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya, ana shafa man kashe zafi kuma yawancin fila na da lidokin, maganin kashe zafi, a ciki, zaki ji sukar allura da wani irin matsi, wani lokacin har ɗan ƙaras ƙaras a kunne in an kai kusa da ƙashi. Sirinji ɗaya mil 1 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, kinga ba wani abu bane mai yawa, amma a fuska yana nunawa. Ki fara da kaɗan. Mil ɗaya ko biyu, a jira sati biyu zuwa huɗu kumburi ya sauka a sake dubawa, in da buƙata a ƙara. Ƙarawa abu ne mai sauƙi.

Bayan an gama kumburi da ɗan taruwar jini na kwanaki ba komai bane, ki ɗora abu mai sanyi a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ki bar kwalliya da motsa jiki mai ƙarfi da zafi sosai na kwana ɗaya zuwa biyu, kar ki riƙa dannawa sai in an ce ki murza. Masu duhun fata wani lokacin wurin da allura ta shiga kan yi ɗan baƙi na wani lokaci, shi yasa rage yawan huda ke da kyau. Amma ga abin da ba a kwana da shi: ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa, fata tayi fari fat ko toka toka ko tayi zane zane kamar raga, wurin yayi sanyi, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso bayan kwana ɗaya biyu. A baƙar fata canjin launin baya fitowa sosai saboda haka ki fi kula da zafin da sanyin wurin, ki kwatanta da ɗaya gefen. Kina ganin haka ki kira likitan a take ko ƙarfe nawa ne. In kuwa gani ne ya dushe ko ido ya fara ciwo, wannan mintuna ake ƙirgawa, sashen gaggawa kai tsaye. Akwai kuma gudaji ko kumburin da kan taso bayan watanni, wani lokacin bayan mura ko ciwon haƙori, shi ba na gaggawa bane irin wancan amma a koma wa likita, kar a matse.

Ƙarƙashin ido shi ne wurin da yafi wuyar sha'ani. Fatar wurin siririya ce, in an sa a sama sama yakan yi shuɗi shuɗi, ko ya ja ruwa ido ya riƙa kumbura duk safiya, kuma in baƙin ƙarƙashin idonki na launin fata ne ba inuwar kwarmi ba fila ba abin da zata yi masa. Mai jakar kitse a ƙasan ido ma yawanci ƙara mata yake.

Sai maganar da nace zan dawo kanta. Tunda jel ɗin na daɗewa fiye da yadda ake faɗa, wadda ke komawa duk wata shida a ƙara mata tana tara sabo kan tsoho ne, a hankali kumatu su yi tulu tulu, ido ya ƙanƙance in tayi dariya, leɓen sama ya turo, ita kuma bata gani saboda idonta ya saba. Kar ki bi kalanda. Duk lokacin da kika ji kamar ya tafi ki fito da hoton da aka ɗauka kafin allurar farko, ki ɗauki sabo a irin hasken da irin tsayuwar, ki jera su, ki nuna wa wadda kika san bata ɓoye miki gaskiya. In har yanzu akwai banbanci toh yana nan, ki ƙara watanni. In kuma likita ya taɓa ya ji tsohon ya matsa daga inda aka sa shi, a narkar da shi tukunna, a jira kamar sati biyu fuskar ta zauna, sannan a duba me ya rage da gaske.